Bayan Likita Ya Ce A Tafi Da Shi Gida

A asibitocinmu akwai maganar da ke karya gwiwar iyaye: "Mun yi iya ƙoƙarinmu, ku tafi da shi gida." Sai a naɗe tabarma, a saɓo yaro mai ciwon daji, ciki a kumbure, a koma. 'Yan dubiya na ta shigowa da "ya mai jiki?", uwa na cewa "da sauƙi", alhali daren jiya ko maƙwabta ba su runtsa ba saboda kukansa. Abin da ke kan taga bai wuce farasitamol da ruwan tofi ba.

Addu'a tana nan a matsayinta, ba wanda ya ce a bari. Sai dai cutar da ta gagari likita daban, zoginta daban. Shi zogin yana da magani, mai arha ma kuwa.

A 1993 Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Najeriya, ta kafa Hospice Africa a Kampala, domin kulawar rage zogi ga waɗanda cutarsu ta gagari likita. A lokacin, garin mofin, maganin kashe zogi, suke damawa da ruwa, su ɗura a robobin ruwan sha da aka wanke, su sa masa launi gwargwadon ƙarfinsa: kore mai sauƙi, ruwan hoda mai ƙarfi. Uwar da ba ta yi boko ba ma ta san wanda za ta ɗauko da tsakar dare. A 2004 Uganda ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta shi, tunda ƙauye ba ya ganin likita. Wannan dokar, a ganina, ta fi gina sabon asibiti amfani.

Mu fa? Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen wannan kulawa a 2007, da jajircewar Farfesa Olaitan Soyannwo. Amma ina Ibadan, ina mutumin Gumel? Ga kuma tsoro. Tun da ɓarnar kodin ta kai ga haramta maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018, duk abin da ya yi kama da kayan maye hannu na rawa kafin a rubuta shi. Laifin matasan bakin kasuwa, ɗan shekara shida ke biya a kan gado.

Kuma yaro ba ƙaramin babba ba ne. Da nauyinsa ake auna magani. Ɗan shekara biyu ba zai ce ga inda ke ciwo ba, sai an karanci fuskarsa da yadda yake ƙanƙame jiki. Ba ma sai mai bakin mutuwa ba: kimanin jarirai 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, da yawansu za su girma, amma da dararen da ƙashi ke sara.

Turawa sun fara da gini, Helen House a Oxford a 1982, inda iyaye ke kai yaro su ɗan huta. Mu muna da kaka da gwaggo masu karɓar uwa jinya. Abin da babu shi ne nas mai babur da za ta leƙo duk mako da kwalba da sirinjin awo, ta nuna wa gwaggo yadda ake juya yaro kada bayansa ya yi gyambo. Tun 2014 taron lafiya na duniya ya amince a shigar da wannan kulawa har ƙananan asibitoci. A namu na unguwa, maganin ma bai iso kanta ba tukuna.