Azna na Adar: makaɗan da rediyonmu ya tsallake

Kusan kowane gidan rediyo da muke kamawa a Maraɗi yana da filin tsofaffin waƙoƙi, kuma duk wanda ya saba saurare ya san abin da zai ji tun kafin mai gabatarwa ya gama sallama. Shata zai zo, Ɗanƙwairo zai zo, sai Narambaɗa, sai kuntigin Ɗanmaraya Jos, in mata sun yi ta bugo waya a sa musu Barmani Coge. Wani lokaci a cike da waƙar fim ɗin Indiya ta zamanin silima. Ba ni da ƙorafi a kan ko ɗaya daga cikinsu, da su muka tashi. Sai dai yaron da waɗannan filaye kaɗai suka rene shi zai ɗauka cewa a da, kiɗan ƙasar Hausa kalangu ne da kotso kawai, kuma jita baƙuwa ce da ta sauka jiya. Alhali akwai zamani guda cur na orkes-orkes a Nijar, kowace jiha da nata, kuma a cikinsu akwai wata ƙungiya da ta yi kiɗan rok mai zafi shekara da shekaru a garinta.

Sunanta Azna de l'Ader, wato Azna na Adar. A Tawa aka kafa ta cikin shekarun 1970, jagoranta kuwa wani makaɗin jita ne da kowa ya sani da suna Mona. Mutane sun yi masa laƙabi da Hendrix na Sahara tun kafin a fara liƙa wa matasan yanzu wannan suna. Jimi Hendrix ɗin nan Ba'amurke ne baƙar fata, bahago, wanda ya rasu a Landan a 1970 yana da shekara 27, ya bar wa makaɗan duniya wata hanya ta kaɗa jitar lantarki. Maimakon a bar sautin ya fito tas, sai a murɗa akwatin ƙara sauti har ya fi ƙarfinsa, muryar jitar ta dushe, ta yi kaushi, ta riƙa tsagewa. Akwai kuma ƴan ƙananan akwatuna da makaɗi ke takawa da ƙafa, wani ya ƙara kaushin, wani ya sa jitar ta yi kamar tana buɗe baki tana rufewa. In ya kusantar da jitar ga lasifika, sautin ya koma cikinta ya sake fitowa, sai ta kama kuka ita kaɗai. Abin da injiniya zai kira lalacewar sauti, shi Hendrix ya mayar sana'a, shi ne kuma Mona ya ɗauka ya kai Adar.

Mai karatu zai ce to ai kwaikwayo ne. A nan nake da ja. Kunnen Bahaushe bai taɓa son sauti sumul ba. Je ka Tibiri ka dubi garaya a hannun mai ita: a ƙarshen sandar akwai akayau, ɗan ƙarfe mai zobba, wanda ba shi da wani aiki illa ya sa kowace tsirkiya da aka taɓa ta fito da zuza. Cire shi ka ba makaɗin, zai ce maka garayar ta mutu. Goge ma da kaushi yake kuka, algaita kuwa ba a maganarta. Haka nan yadda masu garaya ke kama zance guda na kiɗa su yi ta maimaita shi, masu caki na biye, ana ƙara sauri kaɗan-kaɗan har wuri ya ɗau zafi, shi ne dai ginin da na ji a kiɗan Azna: jita mai kaurin murya da ganguna su riƙe wuri ɗaya ba su motsi, jitar Mona ta hau sama tana yawo, ta yi nisa har ka ce ta ɓata, sannan ta dawo. Ni a kunnena, mutumin nan ya ji wani abu a faifan Amurka da ya yi kama da na tsakar gidansu ne, ya gane shi, ya karɓa. Kayan aikin na bature ne, amma hannun da ke kai na Ba'adare ne.

Ina yaro na fara jin su, a gidan kawuna, cikin wata rediyo mai cin kaset wadda ake ɗaure murfin batirinta da roba. Ƙarshen mulkin Seyni Kountché ne, lokacin Samariya, lokacin da gwamnati ke tara matasan jihohi ana gasar kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo, kowace jiha na son nata su ciyo tuta. A 1987 aka fara gasar Ɗan Gurmu, wadda aka sa wa sunan wani shahararren makaɗin Tawa. Zamanin yana da nasa duhu, manyanmu sun san haka, amma ta fuskar kiɗa ya bar abu guda: rediyon ƙasa kan naɗi makaɗa ya ajiye. Kawuna bai san wani Hendrix ba. Shi dai in jitar ta fara kukan nan sai ya ce yaran Tawa sun tashi, ya ƙara murya, matarsa ta fito daga madafa tana faɗa.

A bara, a ajin da nake koyarwa a Jiratawa, na sa wa yara ɗaya daga cikin kiɗan ta salula, na ce su faɗa mini daga ina ya fito. Mafi yawa suka ce Amurka. Kaɗan da ke da yayye masu bin intanet suka ce Agadas, domin sun san Bombino, wasu sun ji sunan Mdou Moctar. Babu ko ɗaya da ya kawo Tawa a ransa, ko ya yi zaton masu kiɗan sun girmi ubansa. Abin ban dariya, shi kansa Mdou Moctar ɗan jihar Tawa ne, kuma lokacin da Mona ya fara tsaga jita ba a haife shi ba. Ba na rage wa matasan nan komi. Bombino ya kai ga shiga takarar Grammy da faifansa Deran na 2018, Mdou Moctar ya cika manyan zaurukan Turai da Amurka bayan Afrique Victime na 2021. Nasu salon daban ne, daga jitar Abzinawa ya taso. Amma labarin da ake ba duniya, mu ma muka haddace, cewa jitar lantarki a Nijar daga arewa kaɗai ta ɓullo, ya bar rabin maganar a ƙasa.

Me ya sa rediyo ya tsallake su? Dalili na farko ba shi da wani asiri: ba su da faifai. Kusan shekara 40 ƙungiyar na wasa ba ta fitar da ko guda ba. Ku dubi takwarorinsu. Ofege ƴan makarantar sakandare ne a Legas, amma da yake kamfanin EMI na da ɗakin naɗi a garinsu, suka fitar da Try and Love a 1973, kuma har yau ana neman sa. WITCH na Zambiya sun bar faifai irin su Lazy Bones na 1975, masu tonon tsofaffin kaya suka gano su, har ƙungiyar ta sake tashi ta yi sabon faifai a 2023. Faifai yana da bango, da suna, da shekara, yana iya kwana talatin a kwali ya fito da ransa. Wanda kuwa ya yi wasa a dandalin gidan matasa ko wurin biki, in aka kwance lasifika shi ke nan, sai abin da ya saura a kan mutane. Ga kuma nisa da Yamai, inda ɗakunan naɗi da ƴan jarida da baƙi suke.

Gidajen rediyo masu zaman kansu kuwa sun zo ne daga baya, cikin shekarun 1990, ba su gāji ma'ajiyar kowa ba. Da abin da ke kasuwa suka fara, kasuwar kaset ta Maraɗi kuma daga Kano da Katsina take cika. Shi ya sa Shata ya wadata, orkes ɗin Nijar ya yi ƙaranci. Na taɓa bugawa wani gidan rediyo waya a filin zaɓe na roƙi a sa mini Azna. Yaron da ke gabatarwa ya yi ladabi, ya sa na maimaita sunan sau biyu, ya duba kwamfuta, ya ce Mushe babu, ko in sa maka wata? Ban ga laifinsa ba. Abin da aka zuba masa a na'ura shi ne duniyarsa. A Amurka ma, tashoshin tsohon rok waƙoƙi ƴan ƙalilan suke juyawa, na Led Zeppelin da ire-irensu, sauran dubban ƙungiyoyi ko oho. Bambancin shi ne su can abin da aka tsallake yana nan a ajiye.

Dalili na biyu ya fi nauyi, kuma gara a faɗe shi. Sunan ne. Azna a bakin Adarawa shi ne abin da mu nan muke cewa Anna ko Arna, wato Hausawan da suka tsaya kan al'adar kakanni. A garin da a watan Nuwamba na 2000 aka yi tarzoma kan bikin nuna tufafi na FIMA har aka ƙone mashaya da gidajen mutane, mai gabatar da shiri zai yi tunani sau biyu kafin ya furta wannan suna da rana tsaka. Bayan na sa wa yara kiɗan, wani uba ya tare ni a bakin lakwal, cikin mutunci, ya ce Malam, me ya haɗa ɗana da kiɗan arna? Na ce masa Alhaji, suna ne na ƙungiya, kuma minti biyar muka yi muna tambayar daga wace jiha abu ya fito. Bai gamsu sosai ba, ni ma ban matsa ba, domin yana da haƙƙin tambaya a kan abin da ke shiga kunnen ɗansa. Amma ra'ayina bai sauya ba. Mu da muke zaune tsakanin fadar Katsinan Maraɗi da fadar Gobir ta Tibiri, inda har yau akwai sarautar Iya da ta Inna, ba za mu iya koya wa yaro tarihin ƙasarsa muna tsallake kowace kalma da ke tuna mana abin da ya gabata ba. Sanin abu daban, bin sa daban.

Namu na gida ma bai tsira ba. Marigayi Sa'adu Bori ɗan Maraɗi ne, faifan Niamey Twice da suka yi da Moussa Poussy ya fito a Landan a 1994, kuma sunan orkes Carnaval na Maraɗi ba baƙo ba ne ga duk wanda ya haura arba'in. Ku tambayi ƴan aji shida ku ji.

Wanda ya fito da Azna fili a ƙarshe wani Ba'amurke ne, Christopher Kirkley, mai ɗan kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland. Daga naɗe-naɗen shekarun 1980 da ke ma'ajiyar rediyon ƙasa aka tattara faifan, aka sa masa suna Zabaya, wato zabiya. Shi ne kuma a 2013 ya sake fitar da kiɗan Mamman Sani na 1978, wanda dukanmu muka sha ji a tsakanin shirye-shiryen rediyo da tele ba mu san mai shi ba. Na gode masa, kuma abin yana yi mini ciwo. Kayan a Yamai suke kwance tun fil azal. Yanzu ɗalibin jami'a a Jamus yana da faifan a ɗakinsa, malamin lakwal a Jiratawa kuwa sai ya sayi megas ya nemi inda rezo ke kamawa kafin ya ji kiɗan ƙasarsa. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, an yi ta murna, da ni a ciki. To, harshe yana tafe da kayansa, kuma wasu daga cikin kayan suna kan zaren da zafi da ƙura ke ci kowace bazara.

Ba zan ce wa iyaye kiɗan nan zai yi wa kowa daɗi ba. Naɗin tsoho ne, wani wuri murya na nutsewa ƙarƙashin ganguna, wani wuri jitar ta yi tsawo har mai haƙuri ya gaji. Matata ba ta iya minti biyu da shi. Ba kuma darasin tarbiyya ba ne. Amfaninsa a aji, a wurina, shi ne yaran da ke hannunmu suna cikin halin da Mona ya shiga, har ma fiye: kayan waje na kwarara musu ta salula dare da rana, mu kuma abin da muka iya kawai shi ne hani. Ga misalin saurayin da baƙon abu ya zo masa, bai guje shi ba, bai kuma narke a ciki ba, ya juya shi har ya yi magana da harshen garinsu, ya kuma zauna a garin. Irin wannan misali ba ya cikin littafin karatu ko ɗaya da aka taɓa ba ni in koyar.

Abin da ya rage a hannunmu shi ne kaset-kaset ɗin gidajenmu. Da yawa cikinsu wani ne ya danna maɓalli ya naɗo daga rediyo, ko ya ajiye na'ura kusa da lasifika a wurin wasa, don haka mai yiwuwa babu irinsu a ko'ina. Wanda ya samu irin wannan a adakar mahaifinsa kada ya yi garajen sa shi a tsohuwar rediyo, za ta iya tauna zaren. A fara juya shi a hankali da biro a ga ko ya manne, a nisanta shi da rana da lasifika, domin maganaɗisun da ke cikinta yana goge sauti. In an samu na'ura mai lafiya, a naɗe a salula tun a juyin farko, a rubuta duk abin da ke jikin bangon da abin da tsohon gidan ya tuna: wane gari, wace shekara, bikin wa. Na kawuna guda goma sha ɗaya na tarar, huɗu ne suka yi magana. Sauran kaset ɗin unguwarmu kuwa na san inda da yawa suka tafi, domin duk wanda ya ratsa gonakin rani na Jiratawa ya ga zaren kaset a ɗaure tsakanin karare yana walƙiya, ana korar tsuntsaye da shi.