Janareta a Lokacin Hadari: Gaɓar Amurka da Ƙasar Junju

Ƙaramin janareta mai shan fetur, irin wanda mutum ɗaya ko biyu ke ɗagawa, ƙirarsa kusan ɗaya ce a ko'ina: inji mai juya dainamo, tankin mai a sama, igiyar ja a gefe. Matsayinsa a gida ne ya bambanta. A jihohin Amurka da ke bakin Tekun Meksiko, irin su Luwisiyana da Teksas da Fulorida, kayan ko-ta-kwana ne. Yakan shekara a gareji ba wanda ya taɓa shi, sai ranar da guguwa ta zubar da turakun lantarki. A Junju kuwa, wato Dioundiou a rubutun hukuma, wadda ke cikin Dallol Mawri arewa da Gaya a jihar Dosso, janareta, wanda ake kira gurup, kayan neman abinci ne na yau da gobe. Shi ke riƙe da shagon cajin waya, da firijin mai sayar da ƙanƙara, da injin aski, da lasifikar masallaci. Wannan bambanci shi ke yanke irin injin da ake saye, shi kuma ke yanke ta inda ɓarnarsa ke shigowa.

Hadarin da ke ɗauke wuta a wuraren biyu dangin juna ne. Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwa a Nijar, kimanin milimita 800 a shekara, kuma hadarinsa daga gabas yake tasowa, holoƙo a gaba, ruwa a baya. Irin waɗannan tarin hadari suna ratsa Sahel su nufi yamma, su faɗa Tekun Atlantika ta wajen Senegal, wasu daga ciki su ƙasaita a kan teku har su zama guguwar da ke dukan Amurka. Shi ya sa lokacin guguwa a can, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ya haɗu da daminar nan. Sai dai a can cibiyar lura da guguwa da ke Mayami tana sanar da jama'a tun da sauran kwanaki, a yi layi a gidajen mai, a wawashe janareta a kantuna. A Junju sanarwar ita ce gabas ta yi baƙi, kaji su nemi akurki, mata su kwashe shanya.

Ba'amurke yakan rasa wuta ta sa'o'i kaɗan ne a shekarar da babu babbar guguwa. A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki tun farko, a karkara ma bai kai haka ba. Kafin 2023 kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa, akasari ta babban layin Birnin Kebbi zuwa Dosso da Yamai, Gaya kuma tana samun tata ta Kamba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta datse layin a watan Agusta, ba a maido ba sai Maris na 2024. Wanda ya ga waɗannan watanni ba ya lissafin janareta da kwanakin hadari kaɗai.

Wajen zaɓe, magidanci a Amurka yana so ya tashi kusan dukan gidansa, firij da na'urar sanyaya ɗaki da famfon ruwa, don haka yakan nemi inji mai wat 5,000 zuwa 7,500. A kasuwannin Gaya da Kamba abin da ya fi tafiya shi ne ƙaramin nan samfurin Tiger da 'yan uwansa na Sin, mai ba da wat kusan 650, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, sai kuma matsakaita masu kVA 2 zuwa 3. Lissafin dai ɗaya ne. Ana tara abin da kowane kaya ke sha: ƙwan fitila na zamani wat 10, fanka 60 zuwa 75, talabijin kusan 100, firij 150 zuwa 200, dutsen guga 1,000. Duk abin da ke da mota a ciki, kamar firij da famfo, yana fizgar ninki biyu zuwa uku na abin da ya saba sha a lokacin tashi, kuma nan ne ƙananan injuna ke durƙushewa. Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin tanki sau da yawa ta fi ƙarfin injin na gaskiya. Mai hankali yana barin rarar kashi ɗaya cikin biyar, ba ya ɗora wa inji iyakar abin da aka ce yana ɗauka.

Akwai tarko ga mai sha'awar kayan gwanjo. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce mai zagaye 60 a daƙiƙa, ta Nijar kuwa bolt 220 mai zagaye 50. Injin da aka ƙera wa kasuwar Amurka, komai kyansa da arharsa, ba zai dace da firij da fankar da aka saya a Dosso ba.

Ciwon injin Ba'amurke zama ne. Fetur ɗinsu yawanci an gauraya shi da kashi 10 na etanol, in ya yi watanni a tanki sai ya yi danƙo ya toshe kafireta, ranar buƙata a ja igiya har hannu ya gaji. Don haka ake ba su shawara su riƙa tayar da shi lokaci-lokaci, da yawa kuma sun koma masu amfani da tukunyar gas. Injin Junju ba ya samun wannan hutu. Abin da ke cinsa ƙura ce, da zafi, da man kwalba na 'yan ruwa-ruwa wanda wani lokaci yake zuwa da datti ko gauraye. Shekaru da dama man Najeriya mai rangwame ne ke shayar da injunan kan iyaka, har zuwa 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin, farashi ya ninka. A nan Junju ta fi Amurka da abu ɗaya: gyara yana kusa kuma yana da sauƙi. Bakaniken da ke gyaran baburan kabu-kabu shi ne likitan gurup. Yana zaune ƙarƙashin rumfa, ya kwance buji ya kankare shi, ya wanke kafireta a gwangwanin fetur, ya busa da baki, kafin la'asar inji ya tashi. Abin da ake yawan sakaci da shi shi ne juyen baƙin mai a matsakaitan injuna, wanda ya kamata a yi bayan aikin sa'o'i 50 zuwa 100, da wanke soson matatar iska, musamman bayan hunturu.

Babbar magana ita ce hayaƙi. Kowane inji mai ƙona fetur yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya, sai jiki ya shaƙe alhali mutum yana numfashi. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta ce ƙaramin janareta ɗaya na iya fitar da abin da ɗaruruwan motoci ke fitarwa, kuma kusan mutum 100 ne yake kashewa a ƙasar duk shekara. Bayan guguwar Laura ta 27 ga Agustan 2020, mutum 5 'yan gida ɗaya sun rasu a garin Lake Charles saboda janaretan da aka kunna a garejin da ke manne da gidan. Sun tsira daga guguwar, hayaƙi ya same su. A tsananin sanyin da ya ɗauke wa gidaje sama da miliyan 4 wuta a Teksas cikin Fabrairun 2021, hukuma ta ƙidaya mutum 246 da suka rasu, 19 daga ciki wannan iska ce ajalinsu.

Tun 2007 doka ta wajabta manna gargaɗi a jikin kowane janareta da ake sayarwa a Amurka, daga 2018 kuma kamfanoni suka soma sa na'urar da ke kashe injin da kanta in gubar ta taru a kusa da shi. Ƙa'idar da ake nanatawa ita ce a ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga gida, salansa tana kallon nesa da ƙofa da taga, a kuma maƙala ƙararrawar gano gubar kusa da ɗakin kwana. Wasu daga cikin masu mutuwa a can baƙin injin ne, sun saya jiya sun kunna yau.

A Junju rashin sani ba shi ne kan gaba ba. Sabo ne, da tsoron ɓarawo, da tsoron ruwa. Gidan Bahaushe ko Bazabarme yana da tsakar gida buɗaɗɗiya, kuma wannan babbar kariya ce muddin sama tana garau. Da hadari ya haɗo sai a ja injin zuwa zaure, ko ɗakin girki, ko lungun da ke tsakanin ɗakuna, a rufe ƙofofi da 'yan tagogi saboda feshi. Zaure yana ruɗi, domin da rana iska na ratsa shi ta ƙofa biyu, da dare kuwa a kulle yake, kuma nan samari da baƙi ke shimfiɗa tabarma. Haka mai shago da ke kwana da injinsa a ciki don kada a wayi gari babu shi. Jaridun Najeriya sun sha kawo labarin iyali guda da aka fasa ƙofa aka tarar sun cika a kan shimfiɗa, janareta a gefe mai ya ƙare. Irin wannan mutuwa a ƙauye sau da yawa ba ta shiga lissafi da sunanta, sai a ɗora wa abinci ko sammu. Wannan abin takaici ne ƙwarai, domin abin da ba a gane ba ba a yi masa rigakafi.

Maganin ɓarawo da ruwa bai fi ƙarfin mai walda na gari ba. Kejin ƙarfe ne a kafe a ƙasa can ƙarshen tsakar gida, a ɗaga shi kan dakali saboda kwararar ruwa, da rufin kwano a sama, gefuna a buɗe, da sarƙa da kwaɗo. Kuɗinsa bai kai na injin ba. Lulluɓe inji da leda ko buhu yana aiki kuwa neman gobara ne.

Sai batun waya. Dokar haɗa lantarki ta Amurka ta ce duk mai son shigar da wutar janareta cikin wayoyin gida sai ya sa makunnin da ke raba gidan da layin gari. Dalili shi ne wutar da ta koma baya tana bi ta taransifoma ta zama dubban bolt, ta kashe ma'aikacin da ke kan turke yana gyara, yana zaton layi a mace yake. A gidajen Nijar da Najeriya wannan makunni shi ne canjoba, kuma yana da arha, amma har yanzu akwai masu soka wayar gurup kai tsaye cikin soket na bango. A kasuwa, inda mai inji ɗaya ke sayar wa rumfuna wuta ƙwai-ƙwai, matsalar ta siraran wayoyi ce da aka ɗaure mahaɗarsu da leda, suna kwance a ƙasa inda ruwa ke taruwa yara suna bi ba takalmi. A rataye su sama, a naɗe mahaɗa da salatif na lantarki, kada kuma a taɓa inji da jiƙaƙƙen hannu. Ba a ƙara mai inji yana aiki ko yana da zafi. A kashe shi ya huce tukuna, jarka kuma a ajiye ta nesa da murhu da ɗakin kwana.

Alamomin gubar su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa. A damina an fi zaton zazzaɓin cizon sauro ne, sai mutum ya sha magani ya koma ya kwanta a ɗakin da ke kashe shi. Abin da ke bambanta su shi ne babu zafin jiki, mutane da yawa suna kamuwa lokaci guda a wuri guda, kuma suna jin sauƙi da sun fita waje. Jarirai da tsofaffi da masu ciki su ke fara galabaita. Idan an ga haka a fitar da kowa fili nan take, a kashe inji, a buɗe ƙofofi, mai ceto kuma kada ya daɗe a ciki. Madara da manja da ake ɗura wa wanda ya suma ba sa fitar da gubar, suna ma iya sarƙe shi. Maganinta oksijin ne, don haka a garzaya da shi asibiti mafi kusa ko da ya farfaɗo, a kuma gaya wa ma'aikatan lafiya tun daga bakin ƙofa cewa an kwana kusa da janareta.