Daga Roni Zuwa Dam Ɗin Watari

Daga Roni muka nufi Bagwai a Jihar Kano, bakin dam ɗin Watari. Kwale-kwalen da ke tsallaka mutane zuwa Badau ba su da ƙyallen da iska ke turawa, irin na jiragen Lamu a Kenya. Can idan iska ta tsananta, masu tuƙi kan rage faɗin ƙyallen kada jirgi ya kife. A nan kuwa, mutum a tsaye, buɗaɗɗiyar lema da tulin kaya su ne ke tare iska.

Ranar 30 ga Nuwamba 2021, jirgi mai lodi fiye da kima ya kife a nan. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Idan hadari ya haɗo, mu zauna, mu rufe lema. In jirgi ya cika, mu jira na gaba.