Ƙarfin Aro

Shekara guda muka yi muna bin ayarin 'yan keke daga Kano zuwa Wudil kowace Lahadi, muna cika baki wai ƙafa ta yi ƙwari. Ashe ƙarfin aro ne. Wanda ya laɓe bayan na gaba, iska ba ta dukan ƙirjinsa, an ɗauke masa kusan sulusin wahala. Mu kuwa kullum muna wutsiya, muna ta hira.

Ran da muka fita mu kaɗai cikin hunturu, da kyar muka wuce Mariri, numfashi ya ƙare. Muka sauka muna tura keke, yara na kallo.

Yanzu Talata da Alhamis, bayan sallar asuba, daga mu sai iska. Lahadi mukan koma ayari, in aka ce wa zai ja gaba, mun daina sunkuyar da kai.