Zazzaɓin da Malam Ya So Ya Ɓoye

Akwai wani malamin makaranta a ƙasar Japan wanda ya yi shekara da shekaru yana koyar da yara, har tsufa ya zo ya ajiye aiki. Tun suna da ƙuruciya ya yi wa matarsa alkawari, wai wata rana zai kai ta yawon shaƙatawa cikin babban jirgin ruwa. Suka yi ta ajiye kuɗi kaɗan-kaɗan. Da shekarar 2020 ta kama, sai ya ce mata lokaci ya yi, gama dukansu biyu sun haura saba'in, ba kuwa wanda ya san abin da gobe za ta kawo.

Ran 20 ga Janairu suka shiga jirgin da ake kira Diamond Princess a tashar Yokohama. Mai karatu, kada ka ɗauka jirgi ne irin na fito. Gari ne sukutum a kan teku. Tsawonsa ya kai mita 290, bene bisa bene, ga ɗakunan cin abinci, ga dandalin wasa, ga wuraren wanka da kantuna. A wannan tafiya mutanen da ke cikinsa sun kai 3,711, wato fasinjoji 2,666 da ma'aikata 1,045. Kuɗin Malam bai isa ɗaki mai baranda ba, saboda haka ya kama na tsakiya, ƙarami, marar taga. Ya ce wa matarsa, "Ba kome, ai barci kaɗai za mu yi a ciki."

Kwanakin farko sun yi daɗi ƙwarai. Jirgin ya tsaya a Kagoshima, ya wuce Hong Kong, ya ratsa ta Biyetnam da Taiwan, sa'an nan ya juyo ta Okinawa. Kullum ci da sha, kiɗa da rawa. Mutane suna cika ɗakin cin abinci, kowa ya ɗauki ludayin da na gabansa ya ajiye ya ɗibi abin da ransa ke so. Da dare kuma su zauna kafaɗa da kafaɗa a dandali suna kallon wasa. Masu yi musu hidima samari ne da 'yan mata, yawancinsu daga ƙasashen Filifin da Indiya da Indunusiya. Malam ba mugun mutum ba ne, amma bai taɓa ɗaga kai ya dubi fuskar waɗannan yara ba. A ganinsa ya biya kuɗinsa, aikinsu ke nan.

Ashe tun ranar tashi cuta ta shigo tare da su. Wani tsoho mai shekara 80 ya hau jirgin a Yokohama yana ɗan tari, ya sauka a Hong Kong ran 25 ga Janairu. Ran 1 ga Fabrairu aka tabbatar yana ɗauke da sabuwar ƙwayar cutar korona, wadda ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. A lokacin cutar ba ta ma sami sunanta ba tukuna, sai ran 11 ga Fabrairu Hukumar Lafiya ta Duniya ta raɗa mata suna COVID-19. Ƙwayar tana bin numfashi. Mai ita ya yi tari, ko ya yi magana, ko ya yi waƙa, sai ta bi iska ta shiga hancin na kusa da shi, musamman a wurin da ke rufe da mutane da yawa. Takan kwana da yawa a jiki kafin ta nuna kanta. Wani ma ba ya jin kome, amma yana raba ta.

Jirgin ya komo Yokohama ran 3 ga Fabrairu, ba a kuwa bar kowa ya sauka ba. Ma'aikatan lafiya suka shigo suna bi ɗaki-ɗaki. Da safiyar 5 ga wata aka yi shela cewa an sami mutum goma da cutar, kowane fasinja ya koma ɗakinsa ya zauna kwana 14. Nan ɗakin da Malam ya ce na barci ne kaɗai ya zama dukan duniyarsu. Ba rana, ba wata, ba iskar waje. Sai agogo ya gaya musu gari ya waye. Bayan 'yan kwanaki aka fara barin masu ɗakuna marasa taga su fita saman jirgi na ɗan lokaci su sha iska, da takunkumi a fuska, kowa nesa da kowa. Aka kuma raba wa kowa ma'aunin zafin jiki, aka ce duk wanda nasa ya kai 37.5 ya buga waya ya faɗa.

Sau uku a rana akan ƙwanƙwasa ƙofa. Malam ya buɗe, ya karɓi faranti daga hannun wani saurayi ɗan Filifin mai safar hannu, wanda idanunsa kaɗai ake gani. Kai abinci ga ɗakuna fiye da dubu ba wasa ba ne, saboda haka wani lokaci abincin yakan makara, ya iso da sanyi. Wata rana Malam ya hasala, ya ce wa yaron, "Ƙarfe nawa yanzu? Haka ake yi wa tsofaffi?" Yaron ya rusuna ya ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri." Da aka rufe ƙofa, matar ta daɗe ba ta ce kome ba. Can ta ce, "Maigida, mu an rufe mu domin kada mu kamu. Shi fa, wa ya rufe shi? Wa yake kai masa abinci?"

Maganar nan ta tsaya wa Malam a zuciya, gama gaskiya ce. Fasinjoji suna da ƙofar da za su rufe, ma'aikata kuwa dole su fita. Su ne masu dafa abinci, su ne masu wanki, su ne masu kwashe shara. Yawancinsu suna kwana biyu-biyu ko fiye a ƙananan ɗakuna can ƙasan jirgi, suna kuma cin abinci wuri ɗaya. Binciken da likitoci suka yi daga baya ya nuna cewa cikin ma'aikata 20 na farko da aka samu da cutar, 15 masu aikin abinci ne. Wato hannuwan da suke ciyar da jirgin su ne cutar ta fi kamawa.

Kashegari Malam ya jira ƙwanƙwasar da nufin ya roƙi gafara. Da ya buɗe ya ce, "Ɗana, jiya na yi maka faɗa ba da laifinka ba." Yaron ya yi dariya ta bayan takunkumi, ya ce, "Ba kome, Baba." Suka ɗan yi magana daga nesa. Yaron ya ce yana da mata da 'ya ƙarama a gida, albashinsa ne ke riƙe da su da mahaifiyarsa. Bayan kwana biyu sai ga wani hannu dabam ya kawo farantin. Malam ya tambaya ina wancan yaro. Sabon ya ce, "Ba shi da lafiya, an fitar da shi." Bai ƙara kome ba, ya tura kekensa ya yi gaba.

Kowace rana kyaftin ɗin jirgin, wani Ba'italiye mai suna Gennaro Arma, yakan yi magana ta lasifika ya faɗi yawan waɗanda aka ƙara samu. Daga goma abin ya haura ɗari, ya haura ɗari biyu. Tsofaffi masu hawan jini da ciwon sukari magungunansu suka fara ƙarewa, har wani fasinja ya rataye tutar Japan a baranda da rubutu cewa magani ya yi ƙaranci. Malam da matarsa suka sa wa ranar 19 ga Fabrairu ido, gama ita ce ranar da za a fara sallamar waɗanda ba a same su da cutar ba. Matar tana soke kwanakin ɗaya-ɗaya a jikin takarda.

Saura kwana shida, da tsakar dare, Malam ya farka yana rawar sanyi. Ya lallaɓa ya shiga banɗaki, ya rufe, ya sa ma'auni. Zafin ya wuce 37.5. Ya wanke fuska ya sake gwadawa, abin bai sauka ba. Ya zauna a bakin wurin wanka yana ta tunani. In ya buga waya, za a ɗauke shi zuwa asibitin da bai sani ba, a bar matarsa ita kaɗai cikin ɗaki marar taga. Ba wannan kaɗai ba, za a sake ƙirga mata kwana 14 daga farko, domin ta kwana ɗaki ɗaya da mai cuta. Cikin jakarsa kuwa akwai maganin zazzaɓi. Zuciya ta ce masa, "Sha biyu ka kwanta. Wataƙila mura ce. Kwana shida kaɗai, wa zai sani?" Ya sha, ya koma gado, bai gaya wa matarsa ba.

Da gari ya waye zafin ya sauka, amma shi ya san magani ne ya danne shi. Yana zaune sai ya ji an ƙwanƙwasa ƙofa. Ya tashi kamar kullum, ya kai hannu zai buɗe, sai ya tsaya. Ya tuna da yaron da aka fitar. Ya ga cewa in ya buɗe ƙofar nan ya yi numfashi a fuskar wanda ke tsaye a waje, to, ya miƙa masa abin da ke jikinsa ke nan, shi kuma ya sauka da shi ƙasan jirgi wurin abokan kwanansa, ya bi da shi sauran ƙofofi. Ya kuma dubi matarsa, wadda ya ce domin ita yake ɓoyewa, alhali duk daren nan numfashinsa take shaƙa. Kunya ta kama shi. Ya ɗaga murya ta bayan ƙofa ya ce, "Ɗana, ajiye a ƙasa ka tafi. Kada ka tsaya." Sa'an nan ya juya ya gaya wa matarsa gaskiya.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ɗauko wayar ta miƙa masa ta ce, "Maigida, shekara nawa ka yi kana hana yara ƙarya? Buga." Ya buga. Likitoci suka zo cikin rigunan kariya, suka ɗauki majina daga maƙogwaronsu. Da sakamako ya fito, shi yana da cutar, ita ba ta da ita. Aka ba shi ɗan lokaci ya haɗa kaya. Ba a bar su su riƙe hannun juna ba. Aka sauko da shi ta wata hanya da aka lulluɓe da tamfol mai shuɗi saboda masu ɗaukar hoto, aka sa shi cikin motar asibiti.

Ciwon ya ba shi wuya. Ya sauka huhunsa, har aka sa masa bututun iska a hanci na wasu kwanaki. Likita ya ce masa da ya ƙara jinkiri, da abin ya fi haka muni, gama cutar ta fi tsanani ga tsofaffi, tana kuma iya juyawa farat ɗaya cikin mako na biyu. Yana kwance aka yi ta abubuwa a waje. Ran 17 ga Fabrairu Amurka ta kwashe mutanenta fiye da 300 da jiragen sama. Ran 19 aka fara sallamar fasinjoji, amma matarsa ba ta cikinsu, aka kai ta wani masauki a tudu ta cika kwanakinta. Ran 20 aka ba da labarin mutuwar fasinjoji biyu na farko, dukansu sun haura tamanin. A wajen wannan lokaci, fiye da rabin dukan masu cutar da aka sani a wajen ƙasar Sin daga wannan jirgi guda suke. Kyaftin bai sauka ba sai ran 1 ga Maris, shi ne na ƙarshe.

Da aka gama ƙirga, mutum 712 ne suka kamu, aƙalla 13 suka rasu. Kusan rabin waɗanda suka kamu ba su da wata alama sa'ad da aka gwada su. Wannan ya koya wa likitocin duniya abu babba tun cutar ba ta game ko'ina ba: mutum yana iya zama garau a ido, amma yana ɗauke da ita.

Allah ya yi wa Malam sauƙi. Bayan an gwada shi sau biyu ba a ga ƙwayar ba, aka sallame shi cikin watan Maris, ya rame, hawan matakala ma sai ya huta. Ya iske matarsa a gida lafiya. Waɗansu maƙwabta suka riƙa kauce musu a hanya, suna cewa ga mutanen jirgi. Abin ya yi masa zafi, amma bai riƙe su a zuciya ba, gama ya san irin abin da tsoro ya sa shi kansa ya yi cikin dare ɗaya. Ya rubuta wasiƙa zuwa ga ma'aikatan jirgin yana godiya, ya roƙa a isar da gaisuwarsa ga saurayin da ke kawo abinci a benensu, da matarsa, da 'yarsa.

Mai karatu, ba lalle ka taɓa hawa irin wannan jirgi ba, amma daren da Malam ya yi a banɗaki da ma'auni a hannu yana iya samun kowa. Zazzaɓi ya zo ana gobe tafiya, ko tari ya kama mutum ga biki ya matso, ko yaro ya fito da ƙuraje ga makaranta ta buɗe. Zuciya kan ce a yi shiru har sha'ani ya wuce. Amma cuta mai yaɗuwa ba ta tsayawa a jikin mai ɓoye ta. Takan fara da waɗanda ba su da halin guje masa, wato mai dafa masa abinci, da mai wanke masa tufafi, da wanda suke kwana ɗaki ɗaya. Mai ɓoye ciwonsa, ciwo zai tona shi, kafin ya tona shi kuwa ya riga ya taɓa wasu. Wanda ya ji alama a jikinsa ya faɗa da wuri, ya ja jiki daga taro, ya nemi likita, ko da hakan zai ɓata masa shiri.

Tun daga wannan tafiya Malam ya canja hali ɗaya. Duk inda aka kawo masa abinci, ko a gidan cin abinci ko a asibiti, sai ya ɗaga kai ya dubi mai kawowa, ya gaishe shi, ya tambaye shi lafiyarsa da ta mutanen gida.