Longyearbyen, kamar yadda tauraron ɗan Adam ya hango shi

Ya kai mai karatu, tafiyarmu ta yau ba ta bukatar guzuri. Hoto ne a gabana, wanda tauraron ɗan Adam ya ɗauka lokacin zafinsu, na wani yanki a tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, kimanin kilomita 1,300 daga ƙuryar arewacin duniya.

Abin da ido ke fara gani duwatsu ne tsirara, babu itace ko ɗaya, ƙanƙara ta kwanta a kwazazzabansu. Wani kogi yana kwarara ruwan laka cikin shuɗin teku. Sai an ƙura ido kafin a gane cewa ɗigo-ɗigon da ke jere cikin wani matsattsen kwari gidaje ne. Wannan shi ne Longyearbyen, garin mutum dubu biyu da ɗoriya, wanda Ba'amurke John Longyear ya kafa a 1906 domin haƙar gawayin ƙasa. Hanyoyin motarsa ba sa kai wa wani gari. Fararen ƙwallayen da ke bisa dutsen yamma kuwa eriyoyi ne masu karɓar saƙon taurarin.

Rana ba ta faɗuwa can daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta, ba ta kuma fitowa daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu. Musulmin da ya je, malamai sun ce ƙaddara lokutan salla zai yi.

Abin da hoton ya ɓoye ya fi damuna. Ƙasar garin daskararriya ce shekara da shekaru, shi ya sa ake ɗora gidaje bisa turaku, don kada ɗumin ɗaki ya narkar da ita. To, ga shi yankin yana cikin wuraren da suka fi saurin ɗumama a duniya. A Disamba 2015 dusar ƙanƙara ta zaftaro wa gidaje, mutum biyu suka rasu.

Mu ma muna da ajiya can. A 2008 aka buɗe rumbun iri cikin dutse kusa da filin jirgin sama, kuma cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta kai irin wake tun farko. Akwai gero da dawa. An zaɓi wurin ne saboda sanyinsa. A 2016 narkakken ruwa ya shiga mashigar rumbun. Bai kai ga irin ba, amma sai da aka sake gina mashigar.