Wata Safiya a Kasuwar Kifi ta Sinnar

Da sanyin asuba muka bar Mai Wurno, garin da kakanninmu suka kafa bayan Yaƙin Burmi na 1903, muka nufi Sinnar sayen kifi. A bakin Kogin Nilu, kusa da madatsar ruwan da aka kammala a 1925, muka tarar masunta na sauke kamun dare: karfasa, tarwaɗa da giwan ruwa. Da Larabci muka fara ciniki. Da mai kifi ya ji muna shawara da Hausa, sai ya murmusa ya ce, "Albarka."

Can gefe mata na tuyar ƙosai, wani dattijo na barbaɗa ƙuli a kan agashe, naman da Sudan ke ci da sunansa na Hausa. Amma yaranmu "bulti" suka nema. Ba su san karfasa ba. Nan jikinmu ya yi sanyi.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya warwatsa dangi da dama. Shi ya sa duk inda muka ɗora tukunya, muke kiran kowane kifi da sunan da kaka ta san shi, yara na maimaitawa. Allah ya zaunar da ƙasar lafiya.